Tsirrai Masu Cin Ƙwari: Daga Kududdufan Kadawa Zuwa Bahon Tsakar Gida

Akwai tsirran da ba a ƙasa kaɗai suke samun abin gina jiki ba. Ƙwari suke kamawa da wasu ƙananan halittu, su narkar da su, su tsotse abin da ke jikinsu. Masana sun ƙirga irinsu sama da 600 a duniya, kuma kowace nahiya tana da nata, in ban da yankin ƙanƙara na can ƙarshen kudu. Yawancin mutane a hoto ko a bidiyon waya suka san su, shi ya sa ake ɗauka kayan ƙasashen Turawa ne ko na dazuzzukan Asiya. Alhali Afirka ta Yamma, har da arewacin Najeriya, tana da nata. Sai dai ƙanana ne, suna kwance cikin ruwa ko a laka, inda manomi zai taka su ya wuce, in ma ya lura ya ce ciyawa ce.

Cin ƙwarin ba kwaɗayi ba ne, rashi ne ya kawo shi. Kamar kowane koren tsiro, su ma da hasken rana suke haɗa abincinsu. Abin da suka rasa shi ne sinadaran naitirojin da fosforos, wato abin da manomi yake nema idan ya sayi buhun yuriya ko na kamfa. Wuraren da suke fitowa ruwa ya riga ya wanke albarkar ƙasar: yashi mai jiƙe kullum, dausayi mai tsami inda ganye ba ya saurin ruɓewa, saman fa inda ruwa ke tsattsafowa. A irin wannan wuri ƙwaro shi ne takinsu. Amma dabarar tana da tsada, domin ganyen da ya koma tarko ba ya kama hasken rana kamar ganye sosai, saboda haka girmansu a hankali ne. Da za a kai su ƙasa mai ƙarfi, ciyawa ce za ta rufe su kafin su motsa.

Wata kurangar daji mai suna Triphyophyllum, da ke dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa, ta fi kowa bayyana wannan. Ba kullum take cin ƙwari ba. Takan yi zamanta da ganye irin na kowa, sai wani lokaci ta fid da wasu dogayen ganyaye masu danƙo. A 2023 masu bincike a jami'o'in Hannover da Würzburg na ƙasar Jamus suka gano cewa ƙarancin fosforos ne ke sa ta fid da su. In ta ƙoshi ba ruwanta da farauta.

Abin da ke kwance a ruwan fadama

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kura da Garun Malam da Bunkure ta canza kama. Aikin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000 kuma yake ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ya kawo ruwa yana gangarowa da kansa ta manyan magudanai zuwa ƙanana har cikin fangali. Inda a da ƙasa ke bushewa ƙayau bayan kaka, yanzu shinkafa da alkama da tumatir da albasa ne ke karɓar juna. Ban da gonakin kuma, ruwan ya bar wasu wurare da ba wanda ya shirya su: ramukan da aka haƙi ƙasa, magudanan zubar da rarar ruwa, kwaruruka inda ruwa ke yoyo ya kwanta. Ana ganin bado da kainuwa da kachalla a irin waɗannan wurare, kuma irinsu ne mazaunin tsiron da masana ke kira Utricularia, wanda za a iya ce masa mai 'yan jakunkuna.

Ba shi da saiwa ko ɗaya. Zare ne dogo yake shawagi ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, da ganye tsil-tsil kamar gashi. Lokacin fure ne kawai yake tona kansa, sa'ad da ɗan kara zai ɗago sama da ruwa ɗauke da furanni, galibi rawaya. Wani irinsa, Utricularia stellaris, yana da wasu kumburarrun gaɓoɓi jere a zagaye kamar tauraro, su ne ke tallafe da karan furen kada ya nutse. Wani kuma, Utricularia gibba, siriri ne ƙwarai, yana cuɗewa a ruwa marar zurfi, kuma ana samunsa kusan duk ƙasashe masu zafi. Dangin nan yana cikin mafiya yawa a tsirrai masu cin ƙwari. Peter Taylor na lambun Kew da ke Ingila ya lissafa iri 214 a babban littafinsa na 1989, an kuma ƙara gano wasu bayansa.

Idan aka ɗebo shi a farar roba aka ɗaga wa haske, sai a ga ganyen cike da 'yan ƙwayoyi, wasu kamar ƙwayar gero, wasu ba su kai riɗi ba. Wasu garau suke, ana hango cikinsu. Wasu sun yi baƙi. Masu baƙin sun riga sun ci. Kowace ƙwaya jaka ce mai ƙofa guda, da 'yan gasu a bakin ƙofar. Tsiron yana fitar da ruwan cikin jakar ta jikin bangonta har ta lotsa, kamar robar maganin ɗigon ido da aka matse aka toshe bakinta. Da zarar wata 'yar halittar ruwa ta taɓa gashin, ƙofar ta buɗe ciki, bango ya koma yadda yake, ruwa ya afka tare da abin da ya taɓa, ƙofa ta rufe. Zuƙar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, sai da kyamara mai matuƙar sauri aka iya ganinta. Bayan kamar minti 15 zuwa 30 jakar ta sake ɗanuwa. Abin da take ci 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa ne, har da ƙananan tsutsotsin sauro da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba.

Na biyu a cikin na gida shi ne Drosera, sunan da aka samo daga kalmar Girkanci mai nufin raɓa. Irin da ya dace da yanayin savana, Drosera indica, ya bazu daga Afirka zuwa Indiya har Ostareliya. Yana fitowa a jiƙaƙƙen yashi, bai cika wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, da siraran ganyaye dogaye. Kowane ganye lulluɓe yake da gashi, a kan kowane gashi akwai ɗigo mai ƙyalli. Raɓar gaske rana na ɗagawa take bushewa, wannan kuwa tana nan har azahar, domin danƙo ce. Ƙwaro ya sauka ya manne, yana fafutuka yana ƙara cuɗewa, gasun da ke kusa su lanƙwaso kansa, sai tsiron ya zubo ruwan narkarwa. Bayan 'yan kwanaki ɓawo kaɗai ya rage, iska ta ɗauke. Duk wanda ya taɓa ɗana wa tsuntsu danƙo yana yaro ya san dabarar. A kan dangin nan Charles Darwin ya fara bincikensa a 1860, ya wallafa littafinsa na tsirrai masu cin ƙwari a 1875.

Abin lura shi ne ba a tsakiyar gonar da ta sha taki ya kamata a neme su ba. Ruwan da ya kwaso yuriya yakan haifar da gansakuka, ita kuwa ta nannaɗe mai jakunkuna ta shaƙe shi. Maganin ciyawa kuma ba ya bambanta shi da sauran ciyayi. Can gefe ne, a kududdufin da ruwan sama ya cika ko kwarin da ruwa ke tacewa ta cikin yashi, za a fi sa ran ganinsu, musamman daga ƙarshen damina. Mai nema kuma ya sa takalmin roba, ya ɗebo da sanda ko moɗa, domin ruwan da ya kwanta a yankunan noman rani gidan katantanwa ne masu ɗauke da tsargiya.

Baƙin da ake kawowa

Wanda ya fi suna a duniya shi ne Dionaea, mai ganye kamar baki da haƙora. Asalinsa ɗan yanki ne ƙarami a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, kuma tun 2014 satarsa daga daji babban laifi ne a Karolina ta Arewa. Cikin kowane baki akwai 'yan gasu. Taɓawa ɗaya ba ta sa shi rufewa, sai an taɓa sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20, dabarar da ke hana shi wahalar banza a kan ɗigon ruwan sama. Yana rufewa cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ya yi mako ɗaya ko fiye yana narkarwa. Matsalarsa a Kano ita ce yana buƙatar barcin sanyi na wata uku zuwa huɗu kowace shekara, sanyin da hunturun nan ba ya kaiwa. Masu kiwonsa a ƙasashe masu zafi sukan sa shi a firji, wannan kuwa sai mai tsayayyiyar wuta. Haka ma Sarracenia, masu ganye kamar kakaki a tsaye, su ma 'yan Amurka ta Arewa ne masu son sanyi.

Nepenthes ya fi dama. Kuranga ce ta kudu maso gabashin Asiya da Madagaska, ƙarshen kowane ganye yana rataye da ɗan tulu mai murfi. Bakin tulun yana da zaƙi da santsi, tururuwa ta zo lasa ta zame ta faɗa ruwan da ke ciki. Haƙo ne kawai, ba motsi. Na tsibirin Borneo mai suna Nepenthes rajah tulunsa yakan ɗauki ruwa fiye da lita uku. Iri biyu ne a wajen masu kiwo: na kan duwatsu masu son dare mai sanyi, waɗanda Jos ko Mambila za su fi karɓa, da na ƙasa-ƙasa irin su Nepenthes mirabilis masu jure zafi muddin iska tana da laima. Cinikinsu tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, kuma shigo da kowane tsiro Najeriya sai da izinin hukumar killace kayan gona.

Ruwa da ƙasa

Mai son kiwon waɗannan tsirrai a Kura ko Bunkure sai ya ajiye rabin abin da ya sani na noma a ƙofar gida. Taki, na zamani ko na gida, kashe su yake yi. Saiwarsu ta saba da ruwa marar gishiri, to idan ta haɗu da sinadari mai yawa, ruwan jikinta ne ke fita maimakon ya shiga, kamar yadda yankakken tumatir ke zubar da ruwa in an barbaɗa masa gishiri. Bakin ganye ya yi baƙi, danƙo ya ƙafe, mai shi ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, ya ƙarasa shi. Kashin kaji, toka, ƙasar shuri, ƙasar bola, duk abin da mai lambu ke yabo, nan guba ne.

Ruwa ma haka. Na rijiya da na burtsatse sau da yawa suna ɗauke da narkakken gishiri da farar ƙasa ko da ba a ji zartsi a baki ba, kuma tafasawa ba ta cire su, ƙara tattara su take yi. Masu kiwo suna auna wannan da wata 'yar na'ura mai kama da biro, suna son adadin ya tsaya ƙasa da 50 cikin miliyan. Wanda ba shi da ita sai ya ɗiga ruwan a kan tsabtataccen gilashi ya ajiye a rana. In ya bushe ya bar farin zobe, bai yi ba. Ruwan sama shi ne na farko. Bayansa sai ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ban da mai asid. Tun da damina wata huɗu ce ko ɗan fiye, sai a tara a durom ɗin roba mai murfi wanda zai kai rani. Ruwan farko-farko a bar shi ya wanke kwano, domin ƙurar hunturu da ta taru a kai ba datti ba ne kawai. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga wajejen Bodele a Chadi tana ɗauke da sinadaran da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Alheri ne ga gona, amma ba ga wannan shuka ba.

A Turai da Amurka ruɓaɓɓen gansakukan dausayi suke amfani da shi a matsayin ƙasa. Nan yana da wuyar samu, abin da ke maye gurbinsa shi ne zaren ɓawon kwakwa da aka daddatse. Sai dai yana zuwa da gishiri, dole a jiƙa shi a ruwan sama a zubar, a sake, sau da yawa cikin kwanaki. A gauraya shi rabi da rabi da yashi mai kaifi wanda aka wanke har ruwansa ya fito garau. Mazubi kuma roba ce. Siminti yana sakin farar ƙasa, tukunyar yumɓu tana tara gishiri a jikinta, ƙarfe kuma tsatsa.

Ƙaramar fadama a tsakar gida

Manufar ita ce a kwaikwayi dausayi a ɗan wuri. Ana haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 45, a shimfiɗa leda mai kauri, a huda ta a gefe kamar yatsa uku ƙasa da baki domin rarar ruwan sama ta fita, a cika da cakuɗen nan, a kafa guntun bututun roba a gefe guda wanda ta nan za a riƙa zuba ruwa a kuma leƙa inda ya tsaya. Bakin ramin ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi, kada kwatar tsakar gida ko ruwan wanke-wanke su gangaro ciki. Babban bahon roba ma yana yin wannan aiki, har ya fi, domin ana iya ɗauke shi daga rana ko daga awaki. A bar shi mako biyu ko uku ya zauna kafin a shuka komai.

Saman ƙasar ya kasance a jiƙe kullum, amma ruwa kada ya kwanta a kai. Wannan ya zama dole a yankin da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya yi katutu. Ƙwayoyin irin Drosera ƙanana ne kamar ƙura, barbaɗa su ake yi a sama ba a binnewa. Drosera indica ɗan shekara ɗaya ne: ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Mutuwar tasa ba laifin kowa ba ce, kuma irin da ya zuba zai fito in an ci gaba da ban ruwa. Yana son rana sosai, sai dai daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, hantsi ya ishe shi, da rana a sa shi ƙarƙashin rumfa. Baƙin baho a wannan lokaci dafa saiwa yake yi, gara fari, ko a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara.

Mai jakunkuna kuwa ruwa zalla yake so. A zuba ruwan sama a baho, a sa ɗan dunƙulen busasshen bambaron shinkafa ko busasshen ganyen kachalla a gindi, wanda ba a yi wa feshi ba. Yayin da yake ruɓewa a hankali ruwan zai yi kalar shayi marar ƙarfi, ya ɗan yi tsami, ya haifi ƙananan halittun da tsiron zai ci. Guntu mai tsawon yatsa ya isa dashe, ba sai an kwashe na kududdufi kaf ba. 'Yar kainuwa ɗaya ko biyu a sama suna rage hasken da gansakuka ke so, amma a riƙa rage su, domin an san halin kainuwa. Kada kuma a yarda da cewa tsiron zai gama da sauro. Tsutsar da ta girma ta fi ƙarfin jakarsa, saboda haka a rufe bahon da yankin gidan sauro.

Akwatin gilashi

Wani likitan Landan, Nathaniel Ward, shi ya gano wannan dabara a 1829, sa'ad da ya ga tsirrai sun fito sun rayu cikin kwalbar da ya rufe. Ruwan da ya tashi daga ƙasa yana taruwa a jikin gilashi ya koma, laima ba ta guduwa. Da irin akwatunansa aka yi ta jigilar shuke-shuke a jiragen ruwa, ciki har da shayi da roba.

A ƙasar Kano amfanin akwatin a hunturu ne, lokacin da iska ke tsage leɓe da diddige. Nepenthes ba ya yin tulu in iska ta bushe, sai ka ga ganye kore shar amma ƙarshensa ya ƙeƙashe. Tsohon akwatin kifi na gilashi ko babbar robar alewa mai haske za su riƙe masa laima su kare shi daga ƙura. Shi ba a tsoma gindinsa a ruwa kamar sauran. Manyan gutsattsarin ɓawon kwakwa yake so, masu jiƙe amma iska na ratsawa. Haɗarin akwatin shi ne rana. Gilashin da aka rufe aka bari a hasken azahar tanda ne, awa ɗaya ta isa ta dafa abin da aka yi wata shida ana lallaɓawa. Wurinsa bakin tagar gabas ko baranda mai haske, da murfi a ɗan buɗe don kada fumfuna ta kama. In ɗakin da duhu, farin ƙwan LED na sola a kunne awa 12 zuwa 14 ya wadatar.

Na waje su ke kama abincinsu. Na cikin akwati kuwa ƙuda ɗaya ko 'yan tururuwa a mako biyu sun isa. Tsire, kilishi, kifi ko madara ruɓar da tarkon suke yi. Yara kuma a hana su tsokanar Dionaea da tsinke, domin kowane baki 'yan lokuta kaɗan yake iya rufewa kafin ya mutu.

Tambayar da manomi zai fara yi ita ce ko za su yi maganin ƙwarin gona, musamman a yankin da bai manta da ɓarnar da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir a 2016 ba. Ba za su yi ba. Abin da tsiro ɗaya ke ci a wata bai kai abin da ƙadangare ke lashewa da safe ba, kuma ƙasar da tumatir ke so ita ce ke kashe su. Amfaninsu na kallo ne da na karatu, kuma a nan ba su da na biyu: malamin kimiyya a makarantar sakandare zai iya nuna wa ɗalibai jakar da ta ci da wadda ba ta ci ba da farar roba da gilashin ƙara girma kawai. Ga mai farawa a Kura ko Bunkure, mai jakunkuna na cikin baho ya fi sauƙi da araha, sai Drosera indica, sai Nepenthes na ƙasa-ƙasa ga wanda ya tara ruwan sama isasshe. Dionaea da ake gani a bidiyo shi ne na ƙarshe a jerin, kuma shi ya fi saurin mutuwa a hannun sabon shiga.